Kaki, babbar riga da rumbun Damargu



Iyayenmu da ke zaune a gaba, malamai, ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso tun daga Belbeji da Gangara da Olelewa, sannunku da hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

Da masu shirya wannan zama suka ce in zo in yi magana a kan juyin mulki, na ce musu to, amma da ƙasar Peru zan fara. Ɗaya daga cikinsu, tsohon ɗalibina ne, ya tuntsire da dariya ya ce: "Mushe, Peru kuma? Ko ƙwallo za mu kalla?" Na ce masa dalilina ɗaya ne. Nan Nijar, da ka ambaci Kunce ko Ba'are ko Tanja, ɗaki ya rabu biyu kenan. Wannan babansa ya samu aiki a zamaninsa, wancan kawunsa ya sha ɗauri, kafin ka rufe baki an fara musu. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To mu hango na wasu tukuna, a ƙasar da babu mai kawu a cikinta, sannan mu dubi ƙarƙashin ƙafarmu.

Amma bari in fara gaya muku abin da ya sa maganar take damuna. Kakata, Allah ya ji ƙanta, a wani ƙauye yamma da Tanut ta yi rayuwarta. Ba ta taɓa lissafin shekaru da sunan shugaban ƙasa ba, da yunwa take lissafi. Kakalaba labarinta ta ji a bakin iyayenta. Farin 1973 da 1974 a kanta aka yi, shi ya cinye musu dabbobi. El-Buhari kuwa, ta 1984, ni ma ina yaro na shaide ta, har yanzu ina tuna tuwon jar dawar taimako. In ka tambayi kakata yaushe aka haifi wane, sai ta ce damana biyu bayan El-Buhari. Mu 'yan lakwal kuma lissafinmu shi ne 1974, 1996, 1999, 2010, 2023, juyin mulki biyar da suka yi nasara tun samun 'yancin kai a 1960. Duka biyar a Yamai aka yi su, fiye da kilomita 1000 daga inda muke zaune. Mu dai sai mu ji rediyo ya katse shiri an sa taken soja, mu san an yi wani abu. Na daɗe ina zaton lissafin tsohuwa daban, namu daban. Sai da na fara koyar da tarihi na ga yadda suke shiga cikin juna.

To, Peru. Tana Kudancin Amurka, bakin tekun Pasifik. Babban birninta Lima yana gaɓar teku, amma talakawan karkara da yawa suna can kan duwatsun Andes, yarensu Kecuwa, suna noman dankali suna kiwo a filayen da ba nasu ba. Iyalai ƙalilan ne suka mallaki manyan gonaki. A haifi mutum a gonar ubangida, ya mutu a nan, ɗansa ya gaji wahalar. Sojansu kuma sun saba da kujera. Janar Odriya ya ƙwace mulki a 1948 ya yi shekara takwas, a 1962 suka sake shigowa don sakamakon zaɓe bai yi musu daɗi ba. Amma na 1968 shi nake so ku riƙe.

Daren 3 ga Oktoba 1968 soja suka shiga fada suka fito da shugaba Fernando Belaunde, wanda jama'a suka zaɓa a 1963, suka sa shi a jirgi sai Ajantina. Wanda ya karɓa sunansa Janar Huwan Belasko, ɗan talakawa ne daga Piyura a arewacin ƙasar, daga ƙaramin soja ya fara. Hujjarsa man fetur. Wani kamfanin Amurka mai suna IPC, reshen Standard Oil, ya daɗe yana haƙo mai a arewa, yana da matata a garin Talara. Gwamnatin Belaunde ta yi yarjejeniya da shi, sai shugaban kamfanin mai na gwamnati ya fito ya ce shafi na 11 na takardar ya ɓace, kuma a shafin nan ne aka rubuta farashi. Ƙasa ta ɗauki zafi. Kwana shida bayan juyin mulki, ranar 9 ga Oktoba, soja suka mamaye Talara suka ƙwace matatar, aka sa wa ranar suna ranar mutuncin ƙasa. Jama'a suka yi ta tafi. Da akwai Facebook a lokacin, da hoton Belasko kowa zai liƙa.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, mutumin ya yi aiki. Ranar 24 ga Yuni 1969 ya fitar da dokar rabon ƙasa. Cikin shekara goma aka karɓe kusan hekta miliyan 9 daga hannun manyan masu filaye. Abin da 'yan majalisa suka yi shekaru suna ja, shi da sa hannu ɗaya ya gama. A 1975 ya mayar da Kecuwa harshen hukuma. Da ya mutu a 1977, talakawa sun cika titunan Lima don raka gawarsa.

To ina gizo yake saƙar? Gonakin nan yawanci ba a miƙa wa manoma su yi yadda suka ga dama ba. Kooperatib aka kafa, ma'aikatan da gwamnati ta turo su ke da bakin magana. A 1971 ya kafa wata hukuma mai suna SINAMOS, wai don jama'a su shiga harkar mulki, amma ba zaɓe, ba majalisa, daga sama ake tsara wanda zai yi magana da abin da zai faɗa. A Yuli 1974 ya ƙwace manyan jaridun Lima. Sai bashi ya taru, kaya suka yi tsada, kuma babu sauran wanda ya isa ya gaya masa. A Fabrairu 1975 'yan sanda suka yi yajin aiki, Lima ta rikice, soja suka buɗe wuta, mutane da dama suka mutu. Shi kansa ciwo ya ci shi, tun 1973 an yanke masa ƙafa. Ranar 29 ga Agusta 1975 firaministansa, Janar Morales Bermudes, ya kifar da shi. Ba a tambayi manomi ko ɗaya ba ranar da ya zo, ba a tambaye shi ba ranar da ya tafi. Kooperatib da yawa daga baya suka rushe. A 1980 soja suka gaji suka shirya zaɓe. Ku ce wa ya ci? Belaunde. Mutumin nan dai da suka sa a jirgi shekara goma sha biyu baya.

Yanzu mu dawo gida.

Ranar 15 ga Afrilu 1974, Laftanar Kanar Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani. Diori ya shekara goma sha huɗu da jam'iyya ɗaya, RDA, tunda an haramta Sawaba tun 1959. Fari ya yi shekaru yana cin ƙasa, ana ta maganar cewa hatsin taimako yana jibge a rumbunan manya talaka na mutuwa, ga kuma jayayya da Faransa a kan farashin uraniyom. A daren ne aka kashe uwargidan shugaba, Aisa Diori. Kunce ya buɗe ma'ajiyai, motocin soja suka ɗauki hatsi suka shiga ƙauyuka. Wannan shi ya sa in kun zauna da tsofaffin Damargu za ku ji suna cewa Allah ya ji ƙan Kunce. Ni ba na musu da su. Wanda ya ci daga hannun mutum ranar da ba shi da komai, ba ka zo masa da littafi ka ce ya canza ra'ayi. A 1984 ma gwamnatinsa ta matsa a kan noman rani. Amma ku lura da sunan yunwar: El-Buhari. Sunan wani soja ne, wanda ya ƙwace mulki a Nijeriya ƙarshen 1983, ya rufe iyaka a 1984, hatsi ya daina shigowa lokacin da muka fi bukatarsa. Soja a nan yana rabo, soja a can ya rufe ƙofa, kuma duka biyun ba mai iya ce musu don me.

Ga wani abu da ba a cika koya muku a lakwal ba. Ranar 18 ga Disamba 1974, a jawabinsa na ranar Jamhuriya, Kunce ya ce duk gonar da mutum yake nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Kun ji kamar Belasko, ko? Shekara biyar ce tsakaninsu. Sai dai magana ce aka faɗa a rediyo, ba a bi ta da takarda a hannun manomi ba. Ina da kawu da ya ari gona tun kafin a haife ni. Duk tsawon mulkin Kunce ba wanda ya yi masa maganarta, wa zai yi? Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. Ba a daɗe ba 'ya'yan mai gonar suka zo da shaidunsu. Kawuna ya ce ai shugaban ƙasa ya ba shi. Aka ce masa ina takarda? Ya rasa gonar, ya ƙare a ci-rani. Irin wannan shari'a ta cika gaban sarakuna a jihar nan bayan 1987, har sai da aka fitar da dokar karkara a 1993 don a nemi bakin zaren. Gonar kawuna tsoron mutum ɗaya ne ya riƙe ta, da aka rufe mutumin sai ta tashi.

Samariya kuwa, da iyayenku suke ba ku labarinta da daɗi, ta yi aikin gayya, ta gina ajujuwa, ta yi wasanni. Amma ita ce SINAMOS ɗinmu. An yarda ka ɗauki tubali, ba a yarda ka tambayi lissafi ba.

Abin da ya biyo baya zan bi shi da sauri. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai, zamanin Ali Shaibu. Jininsu ne ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗan Damagaram, Farfesa Andre Salifu, ya jagoranta. A 1993 aka zaɓi Mahaman Usman. Ya rasa rinjaye a majalisa, shi da firaminista Hama Amadu suka shekara suna kai ruwa rana, aikin gwamnati ya tsaya. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya ce ya zo raba faɗa. Ina lise a Damagaram lokacin, na ga waɗanda suka yi kuka, na ga waɗanda suka ce gara haka. Mai raba faɗa ya tsaya takara a Yuli, ana cikin ƙidayar ƙuri'a ya rushe hukumar zaɓe ya naɗa tasa, ta ce shi ya ci. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin Yamai. Shugaban masu tsaron, Dauda Malam Wanke, ya riƙe ƙasa wata tara ya miƙa wa Tanja Mamadu bayan zaɓe.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne, don kada ku tashi daga nan kuna zaton mai kaki ne kaɗai yake juyin mulki.

A 1990 mutanen Peru suka zaɓi wani malamin jami'a, Alberto Fujimori, ɗan baƙi daga Japan. Ya tarar da ƙasa a kwance. Tsadar kaya a shekarar ta haura kashi 7,000 cikin 100, ga 'yan tawayen Sendero Luminoso da suka fara yaƙi tun 1980 a yankin Ayakuco. Ranar 5 ga Afrilu 1992 da dare ya fito a talabijin ya ce ya rushe majalisa, ya dakatar da tsarin mulki, zai gyara kotuna. Tankoki suka tsaya a ƙofar majalisa. Suna da kalma ta musamman a Sifaniyanci, otogolpe, wato wanda ke kan kujera shi ya yi wa ƙasa juyin mulki. Kusan mutum 8 cikin 10 suka goyi bayansa. A Satumba aka kama shugaban 'yan tawaye, tsada ta sauka, aka ce ai kun gani. Ya rubuta sabon tsarin mulki a 1993, ya sake ci a 1995, ya nemi na uku a 2000. Abin da ba a gani ba a lokacin: wata runduna ta asiri da ta kashe mutum 15 a unguwar Bariyos Altos, har da yaro ɗan shekara takwas, ta ɗauke ɗalibai tara da malaminsu daga jami'ar La Kantuta ta kashe. Mata fiye da 200,000, yawancinsu 'yan karkara, aka yi musu aikin tsayar da haihuwa, da yawa ba da yardarsu ba. A 2000 aka fitar da bidiyon shugaban leƙen asirinsa yana ƙirga wa ɗan majalisa kuɗi don ya sauya sheƙa. Fujimori ya gudu Japan, daga can ya aiko da takardar murabus ta fakis.

Akwai adadi ɗaya da ba ya barina. A 2003 hukumar binciken gaskiya ta Peru ta ce mutanen da suka mutu ko suka ɓace a yaƙin nan tsakanin 1980 da 2000 sun kai kusan 69,000, fiye da ninki biyu na abin da ake zato. Uku cikin huɗu masu Kecuwa ne ko wani yaren gida. Dubban mutane sun mutu, babban birni bai ma ƙirga su ba, saboda suna nesa, saboda ba su da wanda zai faɗa. Mutumin Damargu ya kamata ya ji wannan a jikinsa.

Ranar 7 ga Afrilu 2009 kotu a Lima ta yanke wa Fujimori ɗaurin shekara 25. Mako bakwai bayan nan, ranar 26 ga Mayu 2009, Tanja ya rushe majalisar dokokin Nijar.

Amma kafin in kai can, sai mun bi ta 2005. A farkon shekarar gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi, har da madara da sukari da fulawa da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗu suka ce ba su yarda da tsadar rayuwa ba, aka rufe kasuwanni da shaguna a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Aka kama shugabanninsu, amma a Afrilu gwamnati ta ja baya a kan mafi yawan harajin. Wannan ku rubuta shi: an tanƙwara gwamnati ba a harba bindiga ba. A shekarar dai, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, rumbuna suka ƙare tun kafin damana. Ku da kuke manya a lokacin kun san abin da aka ci a ƙauyukan Tanut, kun san yaran da aka rufe. A watan Agusta shugaban ƙasa ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. Daga nan kalmar yunwa ta zama kamar kayan sumoga, kowa yana ɗauke da ita, ba mai fito da ita a fili. A 2008 har dakatar da likitocin MSF aka yi a Maraɗi, masu jinyar yara masu tamowa.

A Oktoba 2008 Tanja ya zo ya aza tubalin matatar mai a Bakin Birji, cikin komin ɗin Olelewa. Ƙasarmu ce, ga 'yan Olelewa nan zaune. Hujjar tazarce kenan: a bar tsoho ya ƙarasa ayyukan da ya fara, matata, madatsar Kandaji, uraniyom ɗin Imuraren. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Madam Salifu Fatimata Bazai, ta ce hanyar da aka bi ba ta halatta ba. Ya rushe kotun a ƙarshen Yuni. Ranar 4 ga Agusta aka yi zaɓen raba gardama, ya ƙara wa kansa shekara uku. Wannan otogolpe ne, da babbar riga da hula. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 Kwamanda Salu Jibo ya shiga fada ana tsakiyar taron ministoci. Ba a yi mako biyu ba sabbin mahukunta suka fito suka ce akwai yunwa, miliyoyin mutane na cikin haɗari, a kawo ɗauki. Ku duba abin kunya: sai da aka harba bindiga a Yamai sannan aka halatta faɗin abin da kowace mace a Damargu ta sani tun kaka. Ni laifin wannan ba a kan Salu Jibo nake ganinsa ba, a kan wanda ya toshe majalisa da kotu da bakin mutane har ba sauran ƙofa sai ta bariki. Matatar da aka ce mutum ɗaya ne kaɗai zai iya ƙarasawa kuwa, an buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba 2011, zamanin Mahamadu Isufu, tana tace ganga 20,000 a rana.

'Yan Belbeji, ga taku. A watan Mayu 2010, gwamnatin sojan nan ta sa hannu a dokar kiwo, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Wani zai ce kun gani, soja ya yi. Ƙwarai shi ya sa hannu. Amma ƙungiyoyin makiyaya sun yi shekaru suna taro suna jayayya a kan kowace aya kafin ta kai teburinsa. Shi ya sa da ya tafi ba ta bi shi ba, akwai masu ita, akwai takarda. Ku auna ta da gonar kawuna.

Sai 26 ga Yuli 2023, wanda ba sai na ba ku labari ba. Shugaban masu tsaron fada, Janar Abdurahman Tiani, ya tsare Bazum. Wasunku sun fita titi da tuta, na gan ku, kuma ban zo in yi muku faɗa ba. Wanda ya tashi yana ganin ana fitar da uraniyom garinsu ba wuta, yana ganin sojan baƙi a ƙasarsa ana kuma kashe mutane a Tilaberi da Difa, yana da dalilin fushi. Sojan Faransa sun fice a Disamba 2023. CEDEAO kuma ta rufe mana iyaka, Nijeriya ta yanke wuta, shinkafa da magani suka yi tsada, har zuwa Fabrairu 2024. Tsofaffi suka ce El-Buhari ce ta dawo, wannan karon masu babbar riga ne suka rufe ƙofar. Wanda ya sha wuya dai ba ya cikin waɗanda suka yi juyin, ba ya cikin waɗanda aka yi wa.

Amma ku jera abubuwan da suka biyo baya. An dakatar da tsarin mulkin 2010. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun komin da na jihohi, aka naɗa wakilan gwamnati a madadin magadan gari. A Maris 2025 aka rushe jam'iyyu, aka tsayar da wa'adin shekara biyar, aka ce Hausa ce harshen ƙasa. A Yuni 2025 aka mayar da kamfanin uraniyom na Somair hannun gwamnati. Arzikin ƙasa, harshen talaka, ba jam'iyya, ba zaɓe. Wanda ya saurare ni tun farko ya san inda ya taɓa jin wannan jerin. Ban ce ƙarshen zai zama ɗaya ba, Nijar ba Peru ba ce, kuma ni ba boka ba ne. Ban kuma ce mulkin farar hula wankakke ne ba. A Peru ɗin ma, a Disamba 2022, wani malamin lakwal na ƙauye da aka zaɓa, Pedro Kastiyo, ya gwada rushe majalisa irin na Fujimori, soja suka ƙi bin sa, aka kama shi a ranar. Gwamnatin farar hula da ta gaje shi ce jami'anta suka harbe masu zanga-zanga a garin Huliyaka, mutum 18 a rana ɗaya.

Tambayata ta ɗan Damargu ce kawai. Mun zauna a bakin iyakar noma, damana ɗaya ta ƙi, mun shiga uku. Idan baɗi ruwa ya tsaya a Agusta, tiyar hatsi ta ninka a kasuwar Tanut, wa zai faɗa? A ina zai faɗa? In ya faɗa zai kwana a gidansa? In wanda aka gaya wa ya ƙi ji, me za mu iya yi masa? Tun 2004 muka fara zaɓen kansiloli. Na san da yawansu ba su tsinana komai ba, na san wasu sai ranar kamfen ake ganinsu. Amma kana iya tare shi a kasuwa ka riƙe masa riga, don ya san zai dawo neman ƙuri'arka. Wanda aka naɗo daga sama, ko mutumin kirki ne, idonsa yana kan wanda ya naɗa shi.

Ga misali na kusa. Doka ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga mai da ma'adinai a mayar wa kananan hukumomin yankin da abin ya shafa. Tsarin mulkin 2010 kuma ya wajabta a buga kwangilolin arzikin ƙasa da kuɗin da suke kawowa kowa ya gani. Matata tana ƙasarmu tun 2011, mun ga mulkin farar hula, mun ga na soja. Wa a cikin ɗakin nan zai tashi ya gaya mini nawa suka shigo Olelewa ko Tanut bara, kuma me aka yi da su? Ku ɗaga hannu. To kun gani. Mutanen Peru shafi ɗaya suka nema, na 11, ƙasa ta girgiza. Mu ko bangon littafin ba mu tambaya ba.

Aiki biyu zan bar muku. Na farko, kowa yana da waya. Kafin tsofaffin nan su ƙare, ku je ku zauna da su ku ɗauki muryarsu. Kada ku tambaye su wane shugaba ya fi, nan musu za a yi. Ku tambaye su 1974 da 1984 da 2005 da 2010: wa ya fara faɗin cewa akwai yunwa, me ya same shi, daga ina hatsi ya zo, wa ya raba, wa aka tsallake. Ku turo wa shafin nan, da sunan ƙauye da shekara, mu tara. Na biyu, fadarku ta shayi ta zaɓi mutum uku, su rubuta takarda cikin ladabi, su kai ofishin komin su nemi ganin kasafin bana da na bara. In an ba ku ku karanta wa mutane da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci. In an hana ku ku rubuta ranar da sunan ofishin, bayan wata ɗaya ku koma.

Na ga mai shayi yana ta yi mini alama, na biyu ya kusa hucewa. A ba 'yan Belbeji makirfo su fara tambaya, hanyarsu ta fi nisa, kada dare ya yi musu.